Amsoshin Tambayoyinku: Dawakin da Suka Ƙare Tun Ba a San Linzami Ba

TAMBAYA

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Gusau. Abin da muka karanta, muke kuma koyarwa, shi ne Turawan Sifaniya ne suka fara kai doki nahiyar Amurka. Kwanan baya wani ɗalibina ya miƙe a aji ya ce ya ji an tono ƙasusuwan dawaki a kogunan dutse na arewacin Amurka da Kanada, waɗanda suka mutu tun zamanin ƙanƙara. To wanne za mu kama? Sannan ina neman ƙarin haske: ta yaya mutum zai tsinci guntun ƙashi a rami ya ce wannan na doki ne, ya shekara dubu kaza, irinsa kuma ya ƙare a duniya? Anya ba shaci-faɗi ba ne?

AMSA

Malam, Allah Ya saka da alheri, Ya kuma yi wa ɗalibin naka albarka. Ku kama duka biyun, domin babu wanda ya kauce a cikinku. Kolumbus ya sauke dawaki a tsibiran Karibiyan a tafiyarsa ta biyu, a 1493, Hernan Cortes kuma ya shiga Meksiko da dawaki 16 a 1519, ya tarar da mutanen da ba su taɓa ganin irin wannan dabba ba. Amma dubban shekaru kafin haka nahiyar cike take da dawakin daji. Hasali ma binciken masana ya nuna can ne mahaifar dangin doki baki ɗaya. Daga can suka bazu zuwa Asiya da Turai da Afirka, sannan waɗanda suka rage a gida suka ƙare ƙaf wajen ƙarshen zamanin ƙanƙara. Sifaniyawa sun mayar da doki ƙasar kakanninsa ne ba tare da sun sani ba.

Mamakin da ya kama ka ya kama wasu tun da daɗewa. A 1833 Charles Darwin ya tsinci haƙorin doki a ƙasar Ajantina, a binne tare da ƙasusuwan manyan dabbobin da babu su yanzu. Abin ya ɗaure masa kai, don ya san dawakin da ke yawo a filayen ƙasar zuriyar na Turawa ne. Tun daga lokacin ake ta tono, kuma shaidar da ta fi kowace magana dalla-dalla daga ƙasashen sanyi na arewa ta fito.

Duniyar da suka rayu a ciki

Tsakanin shekara 26,000 zuwa 19,000 da suka wuce sanyi ya kai maƙura. Ƙanƙara mai kaurin da ya kai kilomita 3 a wasu wurare ta danne mafi yawan Kanada da arewacin Turai. Ruwan nan da ya daskare a kan tudu daga teku ya fito, saboda haka teku ta janye, ta sauka da kimanin mita 120. Mu ma a nan abin ya taɓa mu ta fuskar fari: Sahara ta miƙo kudu fiye da inda take a yau, Tafkin Chadi ya ƙafe ko ya kusa.

Mashigin Bering, wanda ya raba Rasha da Alaska, faɗinsa kilomita 80 ne da 'yan kai, zurfinsa kuma galibi mita 30 zuwa 50. Da teku ta janye sai ya zama busasshiyar ƙasa mai faɗin gaske, wadda masana ke kira Beringiya. Wani abin lura shi ne ƙanƙara ba ta rufe tsakiyar Alaska da arewacin yankin Yukon na Kanada ba, don iskar wurin ta bushe ƙwarai, babu isasshen danshin da zai tara dusar ƙanƙara. Abin da ke wurin fili ne fetal na ciyawa da ƙananan tsirrai, ga sanyi ga iska, ya miƙe tun daga Yukon har Turai. Giwa mai gashi, wadda ake kira mamot, da ɓaunar arewa da doki su ne suka fi yawa a cikin manyan dabbobinsa. Zakuna da kyarketai na biye da su. Nazarin ƙwayoyin gado ya nuna dawaki sun yi ta ƙetare wannan gada gaba da baya, daga Amurka zuwa Asiya, daga Asiya zuwa Amurka, duk sa'ad da hanya ta buɗe.

Me ya kai doki cikin kogo?

Doki dabbar fili ce, ba ya kwana a kogo. Ƙashinsa kan isa can ne ta ɗayan hanyoyi uku: ko ya rufta, ko naman daji ya ja shi, ko mutum ya kai shi.

Misalin hanya ta farko shi ne kogon Natural Trap, a duwatsun Bighorn na jihar Wayomin ta Amurka. Rami ne a kan tudu, daidai hanyar da dabbobi ke bi, kuma ba a ganin bakinsa sai an zo dab da shi. Daga baki zuwa ƙasa kimanin mita 25 ne, cikinsa ya fi bakinsa faɗi nesa ba kusa ba, wanda ya faɗa babu fita. Dubban shekaru dabbobi suna ruftawa, mai gudu da mai binsa: dawaki, raƙuman Amurka, tumakin dutse, mamot, kyarketai, zakin Amurka, da wata dabba mai zafin gudu dangin damisa. A shekarun 1970 da 1980 Larry Martin na Jami'ar Kansas da abokin aikinsa Miles Gilbert sun jagoranci tono, aka fito da ƙasusuwa sama da 30,000. An rufe bakin ramin da ƙarfe, aiki ya tsaya shekaru masu yawa, sai a 2014 Julie Meachen ta Jami'ar Des Moines ta koma da tawagarta, suna sauka da igiya.

Darajar wannan kogo tana cikin sanyinsa. Rani da damina zafin cikinsa bai wuce digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyos ba, kuma rana ba ta dukan abin da ke ƙasa. Ƙashi ba dutse ba ne: akwai wani sinadari mai yauƙi a cikinsa da ake kira kolajin, akwai kuma ragowar ƙwayoyin gado, wato DNA. Zafi da sauyin yanayi da ƙwayoyin cuta su ne ke cinye waɗannan. Ƙashin da ya kwanta a fili a ƙasa mai zafi irin tamu yakan rasa su da wuri, wanda kuwa ya kwanta a kogo mai sanyi yakan riƙe su shekaru dubbai. Bushewa ma tana taimakawa. Kogon Gypsum da ke kusa da Las Vegas a jihar Nebada ba mai sanyi ba ne, busasshe ne ƙayau, kuma ƙasusuwan dawakin da aka tono a cikinsa a farkon shekarun 1930 sun ba da DNA bayan sun shekara sama da 80 a gidan adana kayan tarihi.

Sai ƙasar da ba ta narkewa, a yankin Klondike na Yukon da Saiberiya. A can ƙasa a daskare take tun zamanin ƙanƙara. Masu haƙar zinare na Klondike suna feshin ruwa mai ƙarfi don narkar da laka su kai ga tsakuwar da zinare ke ciki, kuma kowace shekara ƙasusuwa na fitowa. Yawancin abin da masanan Yukon ke nazari a kai daga hannun waɗannan mahaƙa yake zuwa.

Yadda ake gane na doki ne

Wannan shi ne mafi sauƙi. Ka ga yadda dillalin dawaki ke buɗe bakin doki ya dubi haƙora ya faɗi shekarunsa, kafin mai shi ya ce uffan? Masanin ƙasusuwa ma daga haƙori yake farawa, sai dai shi dokin nasa ya daɗe da mutuwa. Turamen haƙoran doki dogaye ne ƙwarai, mafi yawansu a ɓoye cikin muƙamuƙi, suna turowa a hankali yayin da ciyawa mai ƙasa-ƙasa ke cinye samansu. Zanen da ke kan fuskar turmin, inda farin ɓawon haƙori ya nannaɗe, ya sha bamban da na saniya ko raƙumi ko barewa. Daga yadda haƙorin ya cinye ana sanin ko ɗan dukushi ne ko tsoho. Daga ƙananan karce-karcen da ke kansa da sinadaran da ke cikinsa ana sanin irin abincin da ya ci.

Ƙafa ma ba ta ɓoye mai ita. Doki a kan yatsa ɗaya yake tsaye, kofato farcen yatsan ne. Don haka ƙashin da ke tsakanin gwiwa da idon sawunsa guda ɗaya ne, ƙarshensa bai rabu biyu ba, saɓanin na shanu da tumaki masu tsagaggen kofato. Wannan ƙashi yana da tauri, babu nama sosai a kansa, naman daji bai cika damuwa da shi ba. Shi ya sa yake yawan tsira, shi ya sa kuma masana suka fi auna shi.

Yadda ake sanin shekarunsa

A nan ne zargin shaci-faɗi ya fi ƙarfi, don haka mu tsaya a kai. Hanyar da aka fi amfani da ita Willard Libby na Jami'ar Chicago ne ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma sami kyautar Nobel a kanta a 1960. Akwai wani nau'in sinadarin kabon a iska, kabon-14. Tsiro na shaƙarsa, doki na cin tsiron, don haka muddin doki na da rai yana shigar da shi jikinsa. Ranar da ya mutu shigarwa ta tsaya, wanda ke cikin ƙashi ya fara raguwa a kan ƙa'idar da ba ta canzawa: duk shekara 5,730 rabi ke tafiya. Bayan shekara 11,460 saura kashi ɗaya cikin huɗu, haka nan har ya zama ba ya aunuwa. A ɗakin gwaji sai a yanki ɗan guntun ƙashi, a tace kolajin ɗinsa, a wanke shi daga duk wani datti na baya, a ƙirga abin da ya rage.

Ba a karɓi wannan hanya da ka ba. An gwada ta a kan abubuwan da aka riga aka san shekarunsu, kamar katakon kaburburan sarakunan Masar na dā, da zoben da itace ke yi a cikin kututturensa, ɗaya kowace shekara. Gwajin ya nuna yawan kabon-14 a iska ya ɗan hau ya sauka a tsawon zamani, sai aka gina jadawalin gyara daga zoben itatuwa da lakar ƙasan tafkuna da duwatsun da ke tsirowa cikin kogo. Saboda haka ne za ka ga ƙashi ɗaya da lamba biyu, ta gwaji da ta bayan gyara, kuma kowace da ɗan rata na ƙari ko ragi. Masanin kirki ba ya cewa doki ya mutu shekara kaza cif.

Hanyar tana da iyaka: bayan kimanin shekara 50,000 abin da ya rage ya yi kaɗan. Abin da ya girmi haka sai a nemi wata shaida. A 2003 an tsinci ƙashin ƙafar doki a Thistle Creek, a Yukon, cikin daskararriyar ƙasa, kusa da shimfiɗar tokar dutse mai aman wuta. Ita tokar ana iya auna shekarunta ta wata hanya dabam, kuma da ita aka gano dokin ya rayu tsakanin shekara 560,000 zuwa 780,000 da suka wuce. A 2013 Ludovic Orlando da abokan aikinsa a Kofanhagen suka karanta DNA ɗin wannan ƙashi. A lokacin babu wata halitta da aka taɓa karanta kundin gadonta da ta kai shi tsufa. Daga kwatanta shi da na yau suka lissafa cewa doki da jaki da jakin dawa sun haɗa kaka kimanin shekara miliyan 4 zuwa 4.5 da suka wuce.

Inda ido ya yaudari masana

Faɗin irin dokin shi ne wurin da aka fi yin tuntuɓe, kuma ya kamata ɗalibanka su san haka. Masanan farko, da sun sami haƙori ko ƙoƙon kai mai ɗan bambanci, sai su raɗa masa sabon suna. Kafin a farga an tara sunaye sama da 50 na dawakin zamanin ƙanƙara a nahiyar Amurka. Alhali ingarma ya bambanta da goɗiya, dokin tudu ya bambanta da na kwari, duk kuwa iri ɗaya ne.

A cikin tarin nan akwai wani doki mai siraran ƙafafu dogaye da siririyar fuska. Oliver Hay ya bayyana shi a 1915 daga ƙasusuwan da aka samu a Teksas. Ƙashin ƙafarsa ya yi kama ƙwarai da na jakunan dajin Asiya, irin waɗanda ke Iran da Tibet, saboda haka aka daɗe ana ɗauka ɗan'uwansu ne da ya ƙetaro ta Beringiya. A 2005 gwajin DNA na farko ya rushe wannan zato: ba shi da kusanci da su, haifaffen Amurka ne. Wannan bincike ya kuma nuna cewa tarin sunayen nan na Amurka ta Arewa, na ƙarshen zamanin, suna iya komawa gida biyu kacal: masu kaurin ƙafa, dangin dokinmu na yau, da masu siririyar ƙafa.

A 2017 Peter Heintzman da Beth Shapiro na Jami'ar Kalifoniya ta Santa Cruz, tare da Grant Zazula na gwamnatin Yukon da wasu, suka zurfafa aikin da ƙasusuwa daga Natural Trap da Gypsum da Klondike. Sakamakonsu shi ne mai siririyar ƙafa ya rabu da sauran tun shekara miliyan 4 zuwa 6 da suka wuce, tun kafin doki da jaki da jakin dawa su rabu da juna. Wato jakin da ke ɗaukar itace a ƙauyenmu ya fi shi kusa da doki. Suka ware masa gida na kansa, suka kira shi Haringtonhippus francisci, don girmama Richard Harington na gidan tarihin halittu na Kanada da ke Ottawa, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin dabbobin zamanin ƙanƙara na arewa. Kamannin ƙafar kuwa, rayuwa a busasshen fili ce ta sa dabbobi biyu da ba su haɗa kusanci ba suka yi sura ɗaya. Har yanzu akwai masu nazarin surar ƙashi da ke ganin bai kamata a cire shi daga babban gidan doki ba, ana kuma ci gaba da muhawara a kan sunan. Abin da aka daina jayayya a kai shi ne iri ne dabam, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗayan dubban shekaru, kuma bai bar zuriya ba.

Muƙamuƙin da ya tayar da ƙura

A arewacin Yukon, kimanin kilomita 54 daga ƙauyen Old Crow na al'ummar Vuntut Gwitchin, akwai ƙananan kogunan dutse uku da ake kira Bluefish. Jacques Cinq-Mars ya yi tono a wurin daga 1977 zuwa 1987, ya sami 'yan kayan aiki na dutse da tulin ƙasusuwan doki da mamot da ɓauna da barewar arewa. Ya ce mutane sun zauna a wurin shekara 24,000 da suka wuce. A lokacin kusan kowa ya tafi a kan cewa ɗan Adam bai taka Amurka ba sai kimanin shekara 13,000 da suka wuce, don haka abokan sana'arsa suka yi watsi da maganarsa shekara da shekaru.

Daga baya Lauriane Bourgeon, ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Montreal, ta zauna da guntayen ƙasusuwan nan 36,000 tana duba su ɗaya bayan ɗaya, har shekara biyu. Abin da take nema shi ne sawun wuƙa. Haƙorin naman daji yakan bar shaida mai faɗi, mai zagayayyen ƙasa. Kaifin dutse yakan bar tsaga siririya mai tsinin ƙasa, sau da yawa biyu ko uku a jere, kuma a daidai inda mahauci zai sa wuƙa. Ta sami guda 15 da ta gamsu hannun mutum ne. Aka aika wasu ɗakin gwaji na Oxford. Wanda ya fi tsufa muƙamuƙin doki ne, da yanka ta ciki, irin wanda ake yi idan za a cire harshe, kuma shekarunsa bayan gyara 24,000. An buga sakamakon a 2017.

Masu shakka ba su ƙare ba. Suna cewa takun dabbobi da motsin tsakuwa a ƙasa mai daskarewa tana narkewa na iya karce ƙashi, kuma ba a sami ƙashin mutum ko murhu a wurin ba. Sai dai sawun ƙafafun mutane da aka bayyana a White Sands ta jihar New Mexico a 2021, masu shekara 21,000 zuwa 23,000, sun sa mutane da yawa sun daina yi wa maganar Cinq-Mars dariya.

Kamanninsu

Ƙashi ba ya faɗin launi, amma ƙanƙara ta ajiye mana fiye da ƙashi. A 1993 mahaƙa a Last Chance Creek, kusa da garin Dawson, suka ci karo da gawar doki: fata mai yawa, da geza da wutsiya masu dogon gashi mai haske, da ƙafar gaba, har da abin da ke cikin hanjinsa, ciyawa da ƙananan furanni. Gwaji ya ba shi kimanin shekara 26,000. Ƙaramin doki ne, gajere mai ƙiba, kuma yana ajiye a cibiyar tarihin Beringiya da ke Whitehorse. A 2018 kuma, a ramin Batagaika na yankin Yakutiya a Saiberiya, aka sami ɗan dukushi sukutum, da gashinsa da kofatansa, mai shekara kusan 42,000. Masana a Yakutsk har jini mai ruwa suka zuƙo daga jikinsa.

Akwai kuma shaidar waɗanda suka gan su da ido. A bangon kogunan Faransa da Sifaniya, irin su Chauvet da Lascaux, doki ne dabbar da aka fi zanawa: gajeren wuya mai kauri, geza a tsaye, ciki mai haske. A kogon Pech Merle an zana dawaki masu ɗigo-ɗigo, aka daɗe ana cewa ƙawa ce ta mai zane. A 2011 aka gano ƙwayar gadon da ke kawo irin wannan launi a ƙasusuwan dawakin Turai na wancan zamani.

Me ya ƙarar da su?

Dalilai biyu ake kawowa, kowanne da hujjarsa. Na farko sauyin yanayi. Kimanin shekara 14,700 da suka wuce duniya ta ɗumama da sauri, ruwa ya ƙaru, busasshen filin ciyawa ya koma fadama da kurmin ƙananan itatuwa masu ganyen da cikin doki ba ya so. Dusar ƙanƙara mai zurfi ta riƙa binne abincin hunturu. Dale Guthrie na Jami'ar Alaska ya auna ƙasusuwan ƙafar dawakin yankin, ya nuna a 2003 cewa jikinsu ya yi ta ƙanƙancewa kafin su ɓace, alamar dabbar da kiwo ya yi wa ƙaranci. Teku kuma ta dawo ta shanye gadar Beringiya kimanin shekara 11,000 da suka wuce, hanyar samun ɗauki daga Asiya ta yanke.

Na biyu farauta. A Wally's Beach, a lardin Alberta na Kanada, an sami gawarwakin dawaki 7 da raƙumi 1 da mutane suka kashe suka feɗe kimanin shekara 13,300 da suka wuce. Goɗiya ɗa guda take haifa bayan ciki na wata 11, saboda haka garken da yunwa ta riga ta rage ba ya buƙatar maharba masu yawa kafin ya durƙushe. Masana da dama a yau suna ganin abubuwan biyu ne suka haɗu, nauyin kowanne kuma ya bambanta daga yanki zuwa yanki.

Lokacin ƙarewar ma ana ta matsar da shi. Ƙashi na ƙarshe da aka tsinta ba shi ne na doki na ƙarshe ba, don idan dabba ta yi ƙaranci da wuya a dace da gawarta. Yanzu ana tace DNA daga ƙasa kanta, ragowar kashi da fitsari da gashi da suka daskare a cikinta. Irin wannan gwaji a Alaska a 2009 ya nuna doki da mamot suna nan har shekara 10,500 da suka wuce, wani kuma a Klondike a 2021 ya kawo su aƙalla zuwa 9,700.

Alaƙarsu da dawakinmu

Dangin doki sun ƙetara daga Amurka zuwa Asiya kimanin shekara miliyan 2.6 da suka wuce, suka iso Afirka ba da daɗewa ba a ma'aunin irin wannan tarihi. A nan reshensu ya ba da jakin dawa da jakin daji, wanda daga gare shi aka sami jakin gida a gabashin Afirka kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Dawakin daji na Asiya da Turai sun ragu bayan zamanin ƙanƙara amma ba su ƙare ba. Binciken da aka buga a 2021 ya nuna dawakin gida na yau sun fito ne daga filayen da ke tsakanin kogin Volga da kogin Don, a kudancin Rasha, suka fara bazuwa kimanin shekara 4,200 da suka wuce. Dokin hawan sallah na Kano ko Katsina ko Damagaram daga wannan zuriya yake. Dokin Yukon mai kaurin ƙafa ɗan'uwansa ne na nesa, mai siririyar ƙafa kuwa ya fi nisa.

Wannan bincike yana da tasiri a kan dawakin da ke raye. A yammacin Amurka akwai dubban dawakin da suka koma daji, zuriyar na gida da suka kuɓuce, kuma wata doka ta 1971 ta ba su kariya. Makiyaya da wasu masu kula da muhalli suna cewa baƙi ne masu cinye kiwo, a rage su. Masu kare su suna cewa 'yan gida ne da suka dawo, kuma hujjarsu ita ce DNA ɗin nan na kogo da ƙanƙara, wanda ya nuna kusancin dawakin dā masu kaurin ƙafa da na yau. Wani bincike na 2023, wanda masana daga al'ummar Lakota suka yi tarayya a cikinsa, ya nuna 'yan asalin ƙasar sun mallaki dawaki a tsakiyar nahiyar tun farkon ƙarni na 17, kafin lokacin da littattafan Turawa suka rubuta, ya kuma nuna jinin waɗannan dawaki na Sifaniya ne. Yawan dawakin da za a bari a filayen gwamnati, da na waɗanda za a kama a killace, magana ce da har yanzu ake kai ruwa rana a kanta tsakanin hukuma da makiyaya da kotunan Amurka.